Kafin mu yi guɗar jirgin Maradi, mu je mu dubi Funtua



Tun watan Fabrairun 2021 da anka aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maradi, wata magana ta shiga bakin mutane har ta zama kamar gaisuwa: "Bari dai jirgi ya iso." Mai shagon da ciniki ya tsaya mishi, bari jirgi ya iso. Saurayin da ya gama lise yana zaune a fada ba aiki, bari jirgi ya iso. Dillalin fili kuwa shi ya ma riga kowa hawa jirgin, don da sunan shi yake ninka kuɗin kowane kango. In an buɗe layin kira kan wagga magana, sai ka rantse ranar da kan jirgi ya yi kuka a Maradi, ranar talauci zai naɗe tabarma ya bar gari.

Mu ba mu cikin wagga guɗa. Ba ƙin jirgi muke ba. Duk wanda ya taɓa biyo tirela daga Legas ko Kwatano, ya ƙirga shingaye, ya kwana gefen titi don taya ta fashe, ya san abin da dogo zai sauƙaƙa. Abin da muke ƙi shi ne wanga zaman jira, kamar jirgi wani alhaji ne da zai dawo daga Makka ya bi gida-gida da tsaraba. Akwai garin da ya riga mu shan wanga ruwa kusan shekara 100 da ta wuce, garin Hausawa irinmu, cikin ƙasar Katsina ɗin nan da kakannin Maradawa sunka baro. Funtua ke nan. Direbobinmu sun san ta, sun ci tuwon tasharta, sun sha mai a gidajen manta. Sai dai kaɗan ne cikinmu sunka tsaya sunka tambayi yadda anka yi ta zama gari.

Kafin Turawan Ingila, in ana zancen kudancin Katsina, Maska ake nufi: tsohon gari na masaƙa da marina, inda fatake ke yada zango. Funtua ba a lissafi da ita. Yau je ka tambayi inda Sarkin Maska yake zaune. A Funtua yake. Sarauta ta riƙe sunan tsohon gari, amma ta kwashe kayanta ta bi tasha. Ƙaramar hukumar Funtua ta haura mutum 200,000 a ƙidayar 2006, kuma a jihar Katsina, in ka cire birnin Katsina kanshi, ba garin da ya kai ta. Har Mamman Shata, ɗan Musawa, can ya je ya kafa gida.

Masu guɗa za su ce to ai ga shi nan, jirgi ne ya yi hakan. A'a, ku dakata mu bi abin daki-daki.

Dogo ya iso Kano a 1911. Daga baya Turawa sunka fidda reshe daga Zariya ya nufi arewa maso yamma, ya ratsa Funtua da Gusau, ya tuƙe a Ƙauran Namoda a 1929. Ba don ziyarar dangi sunka shimfiɗa shi ba. Auduga suke so, kaɗa kamar yadda muke cewa nan. Masaƙun Ingila na yunwar zare, kuma ƙungiyar da sunka kafa a 1902 don nemo musu auduga, BCGA, ta gano ƙasar Funtua na yin ta sosai. Anka buɗe gonar iri a Daudawa, anka watsa ma manoma irin Amurka da ake kira Allen, sannan, kuma nan ne gaɓar zancen, anka kafa gidan gurza a Funtua.

Kaɗa tana da wani hali da ya taimaki garin. In ka ɗebo ta daga gona, kusan kashi biyu cikin uku na nauyinta angurya ce, zaren bai wuce kashi ɗaya ba, ga ta da cika wuri. Ba mai hankalin da zai biya tarago ya kai ta bakin teku a haka. Dole a gurje ta kusa da gona, a matse ta ta zama dila, sannan jirgi ya ɗauka. Wato dole kaya ya sauka, ya kwana, a taɓa shi. Kuma duk inda kaya ya kwana, nan abinci yake: mai awo, mai tantance daraja, ɗan baranda, ɗan dako, akawu, makanike, mai gadi, mai tuwo, mai gidan haya, tela, har da mai wankin hula. Anguryar da ta rage ta jawo matatsar mai da abincin bisashe. A ƙarshen shekarun 1970 anka ƙara da masaƙa, Funtua Textiles. Abin da ya tara mutane ke nan. Jirgi dai ya zo ya ɗauki abin da garin ya riga ya yi ma aiki.

Sai kwalta ta zo ta ƙara mata. Funtua ta samu kanta a mararrabar manyan hanyoyi: ta Zariya, ta Gusau da Sakkwato, ta Malumfashi da Katsina, da ta Birnin Gwari mai gangarawa kudu. Da reluwe ta Najeriya ta fara mutuwar tsaye, jirgi ya ɗauke ƙafa shekara da shekaru, ciyawa ta rufe dogo, Funtua ba ta bi shi kabari ba. Gingimari ta karɓi aikin tarago. Masara da waken suya na Bakori da Ɗandume sunka ci gaba da taruwa, gidajen gurza sunka ci gaba da juyawa gwargwadon hali.

Yanzu ku ɗaga ido zuwa ƙarshen wancan layi, Ƙauran Namoda. A takarda ita ya kamata ta fi kowa ci, tunda nan dogo ya ƙare, nan raƙuma da jakuna da motoci ke zube kayan ƙasar Zamfara da Gobir. Ta ci ɗin, na wani lokaci. Amma yawancin aikinta lodi ne da sauke. Ranar da mota ta iya ɗaukar buhu daga ƙauye ta kai shi Kano ko Legas ba tare da ta nemi tasha ba, ranar dalilin tsayawa a Ƙaura ya ragu. Gusau, mai gidan gurza da masaƙa, ta sha gabanta, kuma ita anka ba hedikwata da anka ƙirƙiro jihar Zamfara a 1996. Ƴan uwanmu na Damagaram da Gure su ma suna da labarin Nguru, inda dogo ya tuƙe a 1930, su tambayi tsofaffinsu yadda take a zamanin gujiya da ƙaro, su kwatanta da yau.

Muna kawo wanga misali ne saboda hujjar da munka fi ji daga bakin masu ilimin cikin masu guɗa. Suna cewa Maradi ce ƙarshen layi, saboda haka ko an so ko an ƙi, nan kaya za su sauka. Gaskiya ne, za su sauka. Amma a wane siffa? Zamanin Funtua buhu ake saukewa, a ka, ɗaya bayan ɗaya, tarago guda ya ciyar da ƴan dako masu yawa. Yau kwantena ce. Ƙugiya ta ɗaga ta daga tarago ta aza bisa tirela, an buga hatimi, direba ya ta da mota sai Yamai ko Agadas. Mutum nawa sunka ci abinci a nan? Mai tuƙa ƙugiya, ɗan duwan, ɗan taranzit, direba da karen motarshi. In ba a buɗe kwantenar a Maradi ba, in ba a sarrafa komai nata a Maradi ba, to rabonmu ƙura ce da ramukan titi.

Kuma mu daina yi kamar ba mu san wa ke biyan kuɗin ba. Najeriya ke biya, kusan dala biliyan 2, kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal ke aikin, kilomita 284 ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Hukumomin Abuja ba su ɓoye dalilinsu ba: suna so kayan Nijar da ke bi ta Kwatano da Lome su juyo tashoshin Legas. Ba laifi ba ne, kowa gonarshi yake ma shinge. BCGA ma audugarta ta zo nema. Amma wanda ya shimfiɗa dogo ya san abin da yake so ya ɗauka da abin da yake so ya kawo. Taragon da zai zo Maradi zai zo da siminti, da taki, da robobi da sabulu da taliya na masana'antun Kano da Legas, da arha fiye da yau. Zai koma da me? In munka zauna yadda muke, zai koma da aya ɗanya, wake ɗanye, riɗi ɗanye, fatar jar akuya ɗanya, da bisashe a tsaye. Abin da muke yi yanzu ke nan da mota. Jirgi zai sa mu yi shi da sauri kawai. Masaƙan Maska ma sun ga jirgi ya zo: ya tafi da audugar da suke saƙawa, ya dawo musu da akoko na Ingila.

Akwai wani sashe na labarin Funtua da ba shi da daɗin faɗi a Maradi, amma za mu faɗe shi. Audugar Najeriya ta fara rauni bayan an rushe hukumomin sayen amfanin gona a 1986, manomi ya rasa mai ba shi iri mai kyau da farashi tsayayye. Sannan masaƙu sunka fara faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. A Kaduna, KTL ta rufe a 2002, UNTL ta bi ta a 2007, dubban ma'aikata sunka koma gida. Dalilai na da yawa: wuta, baƙin mai, tsofaffin injuna. Amma cikin dalilan akwai atamfar waje da ke sauka a Kwatano, ta hau mota, ta kwana a mangazun Maradi da Konni, ta tsallaka iyaka da dare. Kowa a garin nan ya san haka. Benaye da yawa da muke nunawa da alfahari, da wanga taranzit anka gina su, shi da na sigari da na shinkafa. Wato tun da gujiya ta faɗi, arzikin manyanmu ya rataya ne ga abu guda: Najeriya ta hana shigo da kaya, mu kuma mu zama ƙofar baya. To wanga irin ciniki ba ya hawa jirgi. Jirgi yana da takardar lodi, yana da tasha ɗaya, yana da ƴan kwastan a Jibiya da ƴan duwan a gefenmu. Wanda ke zaton dogo zai ƙara ma tsohon taranzit ƙarfi, bai yi lissafi ba.

Kuma ai mun ga ranar da ƙofar baya ta rufe. Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, Najeriya ta garƙame iyaka. Bayan 26 ga Yulin 2023 anka sake rufewa har Maris na 2024. Ku tuna yadda Dan Isa ta koma, ku tuna tirelolin da sunka yi layi, ku tuna ƴan kamasho da masu abinci da ƴan kabu-kabu. Garin da ke rayuwa da wucewar kayan wasu, sa hannun mutum ɗaya a wata fadar gwamnati ya isa ya kashe mishi kasuwa cikin dare guda. Dogo ba ya maganin wannan. Jirgi ma ya fi mota sauƙin tsaidawa, don shi ba ya bin daji.

Ga wata kuma da ba a cika faɗi a wajen biki ba, maganar faɗin dogo. Tsohon layin Turawa na Najeriya, wanda ya ratsa Funtua, faɗinshi milimita 1,067. Sabon da ake kawo mana, milimita 1,435. Na Benin da wanda anka shimfiɗa daga Yamai zuwa Dosso, mita 1 cif. Jirgin wannan ba ya hawa dogon wancan. A sabon faɗin, Abuja zuwa Kaduna ya fara aiki a 2016, Legas zuwa Ibadan a 2021, Kaduna zuwa Kano ana kan yi. Tsakanin Ibadan da Abuja kuwa akwai wawakeken giɓi. Ma'ana ko gobe anka gama Kano zuwa Maradi, kwantenar da ta sauka a Apapa ba za ta iso mana bisa tarago ɗaya ba, sai an sauya mata jirgi ko an aza ta a mota a tsakiya. Kowane sauyi kuɗi ne, kuma kwana ne. Ɗan kasuwa ba ya bin hanya don an yi mata waƙa, alƙalami yake bugawa.

Ita kanta Funtua wanga faɗi ya taɓa ta. A watan Mayun 2024 anka ƙaddamar da tashar tsandauri a can, irin tashar da kwantena ke zuwa a yi mata aikin kwastan nesa da teku, kuma cikin kasuwannin da ake kwaɗayi har da tamu. Amma sabon dogo daga Kaduna ta Zariya zai bi ya wuce Kano, Funtua tana gefe bisa tsohon reshe. Garin da jirgi ya ɗaukaka bisa Maska, yau sabon jirgi zai wuce ya bar shi. Ga kuma ƴan bindiga da sunka mai da hanyar Birnin Gwari da ta Gusau abin tsoro, har direba ya gwammace ya yi zagaye. Mararraba ba gado ba ce, aro ce. Mutanen Tsarnawa da Takeita da Cadawa, waɗanda ke cin abinci da mahaɗar gudron, su ma su riƙe wannan.

Kano kuwa ba ta zauna jira ba. Tashar tsandauri ta Dala an buɗe ta tun Janairun 2023. Ga Funtua, ga Kano, duka suna neman aikin buɗe kwantena da ajiya da rarrabawa, aikin nan da muke zaton namu ne don kawai muna ƙarshen layi.

Ba sai mun tsallaka iyaka ba ma kafin mu ga dogo marar albarka. A watan Afrilun 2014 anka yi gagarumin biki a Yamai, kamfanin Bolloré ya kama shimfiɗa layi zuwa Dosso, wajen kilomita 140, anka ƙaddamar a Janairun 2016. An yi tasha, an kawo kan jirgi, an ɗauki hotuna. Rigimar shari'a ta ɓarke da ɗan kasuwar Benin Samuel Dossou kan wanda ke da haƙƙin layin, dogo bai taɓa haɗuwa da Parakou ba, kuma bai taɓa shiga jigila ta yau da kullum ba. Wanda ke bin hanyar Dosso yana ganin shi a gefe, rairayi na cinye shi. Dosso ma mararraba ce, hanyar Gaya da ta gabas nan sunka rabu. An yi mata alkawarin duk abin da ake yi ma Maradi yau.

Kuma tsofaffin Maradi sun san cewa hanyar kaya siyasa ce. Gujiyarmu da farko ta Kano take bi ta hau jirgi zuwa Legas. A farkon shekarun 1950 Faransa ta ga kuɗin na tafiya aljihun Ingila, ta ƙirƙiro tsarin da ta kira Opération Hirondelle: motoci su hauro da kaya daga Parakou, su gangara da gujiya, a aza ta a jirgin Kwatano, kilomita 438. A 1959 anka kafa hukumar haɗin gwiwa ta dogon Dahomey da Nijar. Da alƙalami anka juya hanyar, ba a tambayi manomin Tibiri ko na Tasawa ba. Abin da ya sa Maradi ta tsaya da ƙafarta a wancan zamani shi ne irin abin da ya tsai da Funtua: nan ake awo, nan ake ɓara, nan kantunan Turawa suke, nan anka kafa matatsar mai ta Siconiger, daga baya SONARA ta zo a 1962, ga majemar Sonitan. Fari na 1973 da 1974 da cutar da ta biyo baya sunka karya gujiya, mu kuma maimakon mu nemi wani abin sarrafawa, sai munka koma tsaron ƙofa.

To me muke so? Muna so a daina tambayar "yaushe jirgi zai iso", a koma tambayar abin da zai tarar. Jihar Maradi ce uwar aya a ƙasar nan. Buhu nawa ake wankewa, a tantance, a niƙa, a ƙulla da sunan Maradi kafin ya fita? Fatar jar akuyarmu duniya ta san ta, amma a Kano ake jeme mafi yawanta, can ribar ke zama. Waken da muke lodawa, riɗin da muke lodawa, ko tsabtace su da inji a zuba a buhu mai tambari aiki ne da zai ɗauki ɗaruruwan matasa. Bisashe kuwa, muna kora su a tsaye su rame a hanya, alhali mahauta mai ɗakin sanyi kusa da tasha ita ce gidan gurzar zamaninmu. Ba wani sabon ilimi ba ne wannan, an sha faɗin shi a tarurruka har an gaji. Abin da ya sa muke maimaitawa shi ne, wagga karon akwai ranar ƙarshe. In dogo ya iso ya tarar ba mu da komai, masu injin Kano za su zo da tarago su kwashe ɗanyen kaya, hanyar ciniki ta kafu a haka, kuma hanyar da ta kafu wuyar juyawa gare ta.

Mun san amsar da za a ba mu: inji na son wuta. Haka ne, kuma wannan ma ƙarin dalilin tashi tsaye ne. Wutar Maradi da Damagaram ta layin Katsina zuwa Gazawa take zuwa, kuma mun ga abin da ya faru a Agustan 2023 da anka katse ta. Alhajin da zai zuba miliyoyi cikin injin niƙa yana da haƙƙin ya tambayi wace wuta za ta juya shi. Saboda haka maganar wutar unguwar masana'antu, ta rana ce ko ta gas ko ta me, tare take tafiya da maganar tasha. Wanda ya raba su yana yi mana tatsuniya.

Alhazanmu kuma, da girmamawa muke magana, don da yawanku kun ciyar da garin nan lokacin da ba mai ciyar da shi. Amma ku dubi inda kuɗin ke tafiya: gidan mai kusa da gidan mai, bene kusa da bene, fili bisa fili. Fili ba ya ɗaukar ma'aikaci sai mai gadi ɗaya. Ku ne kuka san Dubai da Gwanzu, kun ga injunan da idonku, kun san farashinsu. Direbobi da sandikansu su ma kada su tsaya fushi da jirgi. Dogon zango zai ragu in abin ya tabbata, amma gajeren zango daga tasha zuwa Tawa da Agadas da Damagaram da Difa zai ƙaru, kuma wanda ya shirya motocinshi da takardunshi tun yanzu shi zai same shi. Makarantun koyon sana'a da jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, wa suke horarwa don gyaran ƙugiya, da injin sanyi, da lissafin mangaza? In ba a horar ba, za a zo da ma'aikata daga wani wuri, yaranmu su tsaya bakin ƙofa suna sai da ruwan leda.

Sai babbar magana, wadda ta fi gaggawa, don ita ba ta jiran jirgi: ƙasa. Duk wanda ya san garin nan ya san yadda abin ke tafiya. Da an ji ƙishin-ƙishin cewa wani aiki zai bi ta wani wuri, sai ka ga motoci masu baƙin gilashi sun fara ziyarar ƙauyuka. A samu dattijo da bashin taki a wuya, ko aure a gaba, a ajiye mishi kuɗin da bai taɓa riƙewa ba, ya dangwala yatsa. Shekara biyu a yanka gonar a yi lotisma, farsel ɗaya ta biya kuɗin gonar duka. Wanda ya san inda tasha za ta zauna kafin kowa ya sani, ya riga ya ci riba ko jirgi bai zo ba. Kuma ɓarnar ba ta tsaya kan dattijon ba. In anka yayyanka kewayen tasha anka yi gidajen kwana da shaguna, ranar da mai injin aya ko mai ɗakin sanyi ya zo neman kadada biyar a haɗe kusa da dogo, ba zai samu ba, ko ya samu da tsadar da za ta kore shi. Gidan gurzar Funtua a jikin dogo anka kafa shi, shi ya sa dila ke fita daga matsa ta faɗa tarago.

Manoman da ke tsakanin Dan Isa da Madarunfa da Jirataua, doka tana tare da ku in kun riƙe ta. Dokar 1961 da anka gyara a 2008 ta ce ba a karɓar filin mutum don amfanin jama'a sai an biya shi diyya ta adalci kafin a taɓa. Kundin dokokin karkara na 1993 ya kafa kwamitocin filaye, Cofo, waɗanda yau suke tun daga matakin ƙauye har na gunduma, kuma su ke ba da takardar shaidar cewa gonar gado taku ce. Ku je ku yi ta tun yanzu, ku haɗa da sunan magada, mata da maza. Wanda ya zo da jakar kuɗi yana cewa a yi sauri kafin gwamnati ta ƙwace kyauta, ku ce mishi ya dawo bayan kun ga mai gari da Cofo. In ma dole sai an rabu da wani yanki, akwai haya ta shekaru, akwai shiga da fili a matsayin hannun jari. Ba sayarwa kaɗai ce hanya ba.

Hukumomin birni da na jiha kuwa, ko zaɓaɓɓu ne ko na riƙo, tambayarmu gare ku gajera ce, kuma muna so a amsa ta a fili, da Hausa, a rediyo, ba a ɗakin taro na otel ba. A manna taswirar inda dogo zai bi da inda tasha za ta zauna a bangon ma'aikatar magajin gari, kowa ya gani rana ɗaya, mai baƙin gilashi da mai amalanke. A faɗi wanda ya mallaki filayen da ke kewaye da ita yau, da wanda ya mallake su a Janairun 2021. Sannan a gaya mana filin da anka keɓe ma masana'antu da mangazu a jikin dogo: kadada nawa ne, kuma da sunan wa anka rubuta shi?